Kurakuran da aka fi yi wajen ɗinka wa 'yan tsana tufafin mutanen zamanin da

Telan da ya shekara ashirin yana ɗinka babbar riga, in ka miƙa masa 'yar tsana mai tsawon taƙi ɗaya da rabi ka ce ya yi mata irinta, zai ɗauka aikin rabin sa'a ne da guntun ƙyallen da ya faɗo ƙasan tebur. Na ga ƙwararru a nan Bauchi sun yi wannan lissafi, abin da ya fito daga kekensu kuwa sai ka ce an cusa 'yar tsanar a buhu. Ga shi aikin yana samun masu nema. Makarantu na so don ranar al'adu, akwai masu jera su a falo cikin akwatin gilashi, akwai masu neman tsarabar da za su ba baƙi. Ni dai na fi son in haɗa jikin da waya da auduga in bar shi babu fuska, hankalina ya fi kwanciya da haka, amma masu kawo tasu ta roba ma suna da yawa, kuma matsalolin ɗinkin duk ɗaya ne.

Uwar kurakuran tana wajen zaɓen yadi. Yawancin 'yan tsanar da ake kawo mana, irin su Barbie da kamfanin Mattel ya fito da ita a 1959, tsawonsu kusan santimita 30 ne, wato ɗaya bisa shida na tsawon mutum. Tela yakan raba tsawon riga da faɗinta gida shida, ya ce ya gama. To kaurin yadin fa? Shi ba ya raguwa. Yadi mai kaurin milimita 1 a jikin 'yar tsana daidai yake da mai milimita 6 a jikinka, bargo ke nan. Shi ya sa shadda, duk kyanta, takan tsaya ƙiƙam kamar kwali. Nemi boyal, ko harsa ta rawani, ko tsohon hankici, ko tsohuwar rigar auduga da ta sha wanki har ta yi laushi. In a kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal kake saye, ɗora bakin yadin a kan yatsa ɗaya: in ya lanƙwaso ya rungumi yatsan, ya yi; in ya miƙe kamar fiffike, bar shi. Sabon yadi kuma sai an wanke sitacinsa kafin almakashi ya taɓa shi.

Ko da yadin ya yi laushi, babbar rigar 'yar tsana ba ta da nauyin da zai sa ta zuba. Kyan babbar riga yana wajen naɗinta a kafaɗa da yadda take saukowa, a nan kuwa sai ka taimaka mata da hannu. Yayyafa mata ruwa, shirya ninkin a kafaɗa yadda mai riga yake yi, kafe shi da fil, ka bar ta ta bushe a haka, sannan ka ɗan kama ninkin da zare ta ciki inda ido ba zai gani ba. Wasu suna zura siririyar waya ko ƙananan duwatsun ado a cikin kalmasa don su ja gindin rigar ƙasa. In waya ce, ta zama mai rufin roba, saboda tsatsa.

Zanen jikin yadi ma haka. Furen atamfa mai faɗin tafin hannu zai cinye zanen ɗaurawar 'yar tsana gaba ɗaya. Saƙi na gaske, mai ɗige-ɗigen fari da shuɗi kamar jikin zabo, a jikinta yakan koma manyan gidaje kamar na dara, don haka sai an nemi yadin da gidajensa suka fi kowanne ƙanƙanta. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Mai kallo ba zai iya gaya maka me ya ɓaci ba, zai dai ce abin bai zauna ba.

Sai ɗinkin kansa. Rarar santimita 1.5 da muka saba bari a bakin ɗinki, a jikin 'yar tsana ta zama santimita 9, duk ta taru a hammata da wuya ta yi tudu. Milimita 4 zuwa 5 ta isa. Sa allura lamba 9, rage tazarar ɗinki zuwa milimita 1.5, zaren kuma ya zama siriri. In keke yana haɗiye ƙyallen zuwa cikin rami, shimfiɗa siririyar takarda a ƙasa ka ɗinke su tare, daga baya ka yage ta. Haɗa hannu da kafaɗa tun rigar tana shimfiɗe, kafin ka rufe gefe, don ƙafar keke ba za ta shiga hannun rigar da bai fi ɗan yatsa faɗi ba. Guga kuwa bayan kowane layi ne, kar a tara sai an gama.

Inda abin ya fi damuna shi ne tarihi, domin nan ne ake koya wa yara abin da ba haka yake ba. Wani yaron shagona ya taɓa ɗinka shigar da aka ce ta zamanin Yakubun Bauchi ce, ya kawo min yana murna. Shadda ce mai ƙyalli, da surfanin keke, da hula zanna bukar. Na ce masa, "Kai, wannan ai angon bara ka ɗinka." Ya ce, "Maigida, ai haka na gani a hawan sallah." Ba laifinsa ba ne. Hawan sallah na yau cike yake da yadin kanti, kuma kowa daga nan yake kwafa. Malam Yakubu ya karɓo tuta daga Shehu Usman Ɗanfodiyo a farkon ƙarni na 19, haka ma Modibbo Buba Yero na Gombe. A zamaninsu tufa aikin masaƙa ne da marina. Auduga ce ta gida, da tsamiya, da alharini da fatake ke kawowa ta Sahara, rini kuma na baba. Singer bai sami lasisin kekensa ba sai 1851. Launin sinadari na farko William Perkin ne ya gano shi a Ingila a 1856, shunin masana'anta kuma sai 1897 ya shiga kasuwa daga Jamus. Ke nan lemun-tsami mai kashe ido ko ruwan hoda mai walƙiya ba su da gurbi a rigar 1810. Nailan da foliyesta kuwa 'yan ƙarni na 20 ne.

Gyaran shi ne ka tsayar da shekara da gari da matsayin mutumin kafin ka yanka komai. Malami ne ko basarake ko makiyayi? Zamanin jihadi ne, ko bayan Turawa sun shigo Bauchi a 1902, ko 1960? Na ƙarshen nan ya fi sauƙi, hotunan Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa suna nan birjik, kuma ana iya zuwa hubbarensa a ga wasu kayansa. Na zamanin da ya gabaci hoto kuwa sai ka bi tsofaffin riguna a gidajen tarihi irin su Gidan Makama na Kano da na Jos, ko ka roƙi dattijon da ya gaji rigar kakansa ya buɗe maka adaka. Juya ta ciki ka duba. Za ka ga an haɗa ta ne da siraran saƙa masu faɗin yatsu kaɗan, an jera su an ɗinke da hannu, ga shafi a gindi. Kar ka ce za ka yayyanka yadi sala-sala ka sake haɗawa, kauri zai kashe ka. Ɗan tsuke yadin ka bi shi da siririn layi duk bayan santimita 1, daga nesa sai ya ba da kamar haɗin gaske.

Aikin wuya da aljihu, aska biyu ko aska takwas, da hannu za a yi, da sili ɗaya na zare. Masu ƙoƙarin cusa kowane zane a filin da bai fi kan sarki na wasiƙa ba sukan ƙare da dunƙulen zare. Fitar da asaken su fito sarai, ka sa tambari, ka bar sauran. A ɓangaren mata, ana yawan sa wa 'yar tsanar "zamanin da" riga da siket ko dogon hijabi, alhali shigar ita ce zane ɗaurin ƙirji da mayafi da kallabi, ko mudukare in Bafulatana ce. Murjaninta kuma ya zama ƙananan duwatsu irin na adon gyale, kar a rataya mata na mutane.

In aka kawo maka 'yar tsanar Turai aka ce a yi mata rigar zamanin Sarauniya Biktoriya, tambayi shekara, domin ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901 kuma fasalin riga ya sauya sau da yawa. Wajen 1860 siket buɗaɗɗe ne kamar laima, a kan keji na zobban ƙarfe. Wajen 1885 tudun ya koma baya. Wanda ya ɗinka rigar sama kawai ya manta abin da ke ɗauke da ita a ciki, rigarsa za ta kwanta lakwas. Zif bai zama ruwan dare a tufafi ba sai bayan 1930, don haka kar ya bayyana. Maɓalli mai milimita 12 kuma a jikinta ya kai bakin kofin shayi. Ɗan dutsen ado da madaukin zare ya fi.

Kar kuma ka auna 'yar tsana kamar mutum. Kanta ya fi ƙima, yatsunta a baje suke, hannunta sau da yawa ba ya lanƙwasa. Rigar da aka rufe ko'ina ba za ta shiga ba. Bar buɗi a baya ka ɓoye shi, kuma ka fara gwada fasalin da alawayyo ko takarda mai laushi.

Akwai asarar da har yau nake jin zafinta. Wata Hajiya ta kawo 'yar tsanar roba da ta ajiye tun tana yarinya, na yi mata zane da ƙyallen rinin baba, ya yi kyau matuƙa. Bayan wata biyu ta dawo ta ce, "Malam, dubi abin da ya faru." Ƙugu da ƙafafu duk sun yi shuɗi, kuma ba a saman ba, launin ya shige cikin robar, sabulu bai fitar ba. Roba mai laushi tana shan rini, baƙi da ja da shuɗi sun fi yin ɓarna. Tun daga ranar nake wanke duk yadi mai duhu har ruwan ya fito fari, in goga shi a jiƙe da farin ƙyalle in gani, sannan in yi masa farin shafi ta ciki. Turkuɗi ko ɗan kura mai sheƙi, wanda ko jikin mutum yana rinawa, ba na barin sa ya taɓa roba ko kaɗan.

Kafin ka miƙa aiki, cire duk wani fil da ƙarfe, damina ɗaya ta isa su bar tabon tsatsa. Robar ɗauri takan narke ta manne, gam kuma yakan yi rawaya. Gaya wa mai kayan ya nesanta akwatin daga taga saboda rana tana cin launi, ya rufe shi da kyau lokacin hunturu saboda ƙura, a watan Agusta kuma ya riƙa buɗe shi lokaci-lokaci ya sha iska don kada kayan su yi fumfuna.