Kafin ka biya kuɗin jirgin ruwan shaƙatawa don kai iyali hutu

Yawancin masu sha'awar irin wannan tafiya daga bidiyo suke farawa, a ga ƙaton jirgi mai hawa goma sha wani abu da wurin ninkaya a sama yara na zamiya, sai mutum ya ce wannan nake so. To ni shawarata ka ajiye maganar jirgi tukuna ka ɗauko fasfunan gidanka, domin mu masu fasfon Najeriya ko Nijar, biza ce ke zaɓar mana hanya kafin mu zaɓi jirgi. Jirgin nan yau yana wannan ƙasa gobe da asuba ya wayi gari a wata, kuma kamfanin zai iya hana ka hawa tun ranar farko idan ba ka da takardar shiga ɗaya daga cikin ƙasashen da za a tsaya, ko da ka yi rantsuwa ba za ka sauka a can ba, kuma kuɗinka ba za su dawo ba. Saboda haka a buɗe jerin tashoshin, a bi su ɗaya bayan ɗaya, kowace a tambaya biza take so ko kuwa.

Misali Bahar Rum, wadda ita ce aka fi rububi a lokacin dogon hutun yara na Agusta. Hanyar da aka fi bi ta kwana bakwai tana tashi daga Basalona ta Sifaniya, ta tsaya Marsel a Faransa, ta shiga Italiya wajen Jenowa da Nafoli ko tashar da ke kusa da birnin Rum, wani lokaci har Malta. Duk waɗannan biza ɗaya ta Shengen, wato bizar haɗin gwiwa ta ƙasashen Turai da dama, ta wadatar. Amma da zarar ka ga Tunis ko wata tashar Turkiyya a cikin jerin, to jirgin ya fita daga Shengen zai sake komawa, ke nan sai biza mai shiga da fita sau da yawa, mai shiga sau ɗaya ba za ta yi ba, a kuma bincika ko ita waccan ƙasar tana son biza daban. Haka ma jiragen tsibiran Karebiyan da ke tashi daga Miyami ta Amurka, dawowar jirgi tashar Amurka shiga ce ta biyu, kuma a Yulin 2025 Amurka ta mayar da bizar ziyarar 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya mai wata uku, don haka gaskiya ban ga dalilin da magidanci zai ɗora hutun iyalinsa a kan wannan hanya ba in dai ba suna da wasu takardun ba. Ga shi kuma daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba lokacin guguwa ne a yankin, jirgi kan sauya hanya ko ya tsallake tasha.

Idan hutun Disamba ne ko na farkon shekara, hanyoyi biyu sun fi dacewa da mu. Akwai ta Tekun Fasha, inda jirage irin na kamfanin MSC suka saba zagaye Dubai da Abu Dabi da Doha da Bahrain daga wajen Nuwamba zuwa Maris, ruwan babu hauka sosai, tashoshin kusa da juna suke, abincin halal da masallaci ba abin nema ba ne idan an sauka. Sai ta Afirka ta Kudu, daga birnin Daban (Durban) zuwa tsibiran gabar Mozambik, kwana uku ko huɗu, kusan a wannan lokacin dai, ita kuma gajeriya ce mai kyau ga wanda bai taɓa kwana a kan ruwa ba, sai dai tekun can yana da motsi fiye da na Larabawa. Sannan ga AROYA, kamfanin Saudiyya da ya fara aiki daga Jidda a Disambar 2024, babu giya babu gidan caca a ciki, abinci halal ne, akwai wurin sallah, yana bin Bahar Maliya zuwa wurare kamar Sham el-Shek a Masar. Mai niyyar umara zai iya haɗa biyun a tafiya ɗaya, amma dole ka tabbatar bizarka ta yarda ka fita Saudiyya ka sake shigowa, kada ejan ya ce maka ai ba komai, ka sa kamfanin jirgin ya rubuto maka amsa ta imel ka ajiye. Fasfo kuma ya kasance da sauran aƙalla wata shida bayan ranar dawowa, na kowa har jariri, a riƙe katin rigakafin cutar shawara.

Bayan biza sai ka dubi su wa za ka ɗauka, kuma wannan ma kafin jirgi ne. Idan uwargida ko amarya na da juna biyu, kusan duk kamfanonin ba sa ɗaukar mace da za ta shiga mako na 24 kafin a gama tafiyar. Jariri kuma yawanci sai ya cika wata shida, idan tafiya ce mai tsallaka babban teku sai shekara ɗaya. Yaron da bai daina sa famfas ba ba a barinsa ya shiga babban wurin ninkaya, sai ɗan wurin wasan ruwa na ƙanana idan jirgin yana da shi, to ka ga idan yaranka 'yan shekara biyu ne wannan abin tambaya ne tun kafin biya. Idan kuma za a tafi da Hajiya ko Baba masu ciwon gwiwa, ka duba ko akwai tashar da jirgi ba ya iya matsawa bakin gaɓa, sai ya tsaya a tsakiyar ruwa a riƙa kwasar mutane da ƙananan kwale-kwale, tsoho ba ya jin daɗin wannan hawa da sauka ko kaɗan, na Mozambik ɗin nan ma haka suke.

Yanzu sai jirgin kansa. Manyan na yanzu gari ne guda, Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean da ya fara aiki a Janairun 2024 yana iya ɗaukar fasinja har 7,600 ban da ma'aikata. Irin waɗannan su ne aljannar yara 'yan shekara takwas zuwa sha biyar, wasanni ba sa ƙarewa, amma akwai layi a wajen abinci, layi a lif, tafiya daga ɗaki zuwa wurin cin abinci kanta aiki ce. Ni a ganina iyali masu ƙananan yara ko tsofaffi sun fi hutawa a matsakaicin jirgi mai ɗaukar mutum dubu biyu zuwa uku, inda yaro ba zai ɓace maka da sauƙi ba. Abin da za ka duba shi ne sashen kula da yara, daga shekara nawa suke karɓa (galibi daga uku ne kyauta, na ƙasa da haka wasu na cajin kuɗi), ƙarfe nawa suke rufewa, da wane yare ma'aikatan ke yi. Kuma ka sani a mafi yawan jiragen Turai da Amurka akwai mashaya ko'ina, akwai caca, mutane na yawo da kayan wanka a saman bene, wannan ba abin da za ka gano bayan ka hau da 'ya'yanka mata ba ne, ku zauna da uwargida ku yanke shawara tun a gida ko za ku iya da shi ko ku nemi irin na Saudiyya.

Ɗaki shi ne inda lissafin gidan Bahaushe ke rikicewa, domin yawancin ɗakunan mutum huɗu ne iyaka, kuma jariri ma ana ƙirga shi mutum. Mai yara biyar dole ɗaki biyu, sai ka nemi masu ƙofa a tsakani, kuma ba su da yawa a kowane jirgi, suna ƙarewa da wuri, shi ya sa ake kama su wata shida ko fiye kafin tafiya. A takarda za a sa babba ɗaya a kowane ɗaki don ba a rubuta yara su kaɗai. Ɗaki iri huɗu ne, na ciki marar taga shi ne mafi araha, sai mai taga, sai mai baranda, sai babban na masu hali. Mai baranda yana da daɗi ƙwarai ga mace mai son shan iska ba tare da ta fita cikin jama'a ba, amma mai yaro ɗan hawa-hawa sai ya riƙa kulle ƙofar yana janye kujeru daga jikin shingen. Wanda ke jin jiri a mota ya zaɓi tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa-ƙasa, nan ne motsi ya fi sauƙi, gaba da can sama sun fi lilo. Kuma ka buɗe taswirar jirgin ka ga me ke samanka da ƙasanka, kada ka kwana ƙarƙashin wurin rawa ko kicin.

Farashin da ka gani a talla na mutum ɗaya ne bisa sharaɗin mutum biyu a ɗaki, kuma ba shi ke nan ba. Akwai harajin tashoshi, akwai kuɗin hidimar ma'aikata da ake ɗorawa kowane dare a kan kowane mutum, a kamfanonin Amurka yakan kai dala 16 zuwa 20, ka ninka da mutum shida sau kwana bakwai ka ga abin da ya zama. Lemon kwalba da intanet da yawon gari da wanki duk daban ake biya, likitan jirgi ma da kuɗi yake duba mutum kuma da tsada, don haka inshorar tafiya ba abin wasa ba ce. Idan ka ga an ce yara kyauta, kuɗin gado kawai aka yafe, haraji da hidima suna nan. A jirgi ba a ciniki da tsabar kuɗi, katin ɗakinka ake haɗawa da katin banki, to ka tanadi katin dala mai aiki a waje ko ka ajiye musu tsaba a kantar jirgin, sannan ka je ka sa a rufe sayayya a katunan yara. Waya kuwa a sa ta a yanayin jirgin sama da zarar an bar gaɓa, layin da ke kamawa a tsakiyar teku na tauraron ɗan'adam ne, yana cinye kuɗi cikin mintoci.

Maganar abinci da ibada, ka rubuta wa kamfani buƙatar halal tun lokacin biya, wasu suna tanada idan an ba su makonni, wasu kuma sai dai ku tsaya a kifi da ƙwai da ganye da shinkafa, kuma a tambayi mai kawo abinci ko an sa giya a miya ko a kayan zaƙi domin girkin Italiya da Faransa suna yawan yin haka. A zuba yaji da kilishi da garin kunu a jaka saboda yara masu zaɓen abinci, amma a bar su a ɗaki kada a sauka da su a tasha, ƙasashe da yawa sun hana shigo da nama. A tafi da buta da dadduma. Alƙibla tana juyawa yayin da jirgi ke tafiya, talabijin ɗin ɗaki na nuna inda aka dosa, ga manhajar waya, hukuncin kasaru da haɗa salloli kuma a tambayi malami kafin a tashi. Dutsen guga da abin dafa ruwa na lantarki za a ƙwace su a ƙofa saboda gobara.

Wajen zaɓen hanya kada yawan tashoshi ya ruɗe ka, tasha shida a kwana bakwai da yara gajiya ce zalla, kullum tashin asuba da dawowar yamma. Ka nemi mai kwana ɗaya ko biyu a kan ruwa ba tsayawa, ka kuma duba awa nawa ake yi a kowace tasha da nisanta da gari, tashar da ake kira ta Rum kusan kilomita 80 ce daga birnin, zuwa da dawowa kaɗai sun ci awa uku. Idan yawon da kamfanin jirgi ya shirya kuka bi aka makara za a jira ku, idan kuwa tasi kuka ɗauka da kanku jirgi tafiyarsa zai yi, sai ku bi shi tasha ta gaba da kuɗinku, saboda haka a dawo awa ɗaya kafin lokacin da aka rubuta a bakin ƙofa kuma a bi agogon jirgi. Garin da za a hau jirgin a isa kwana ɗaya kafin ranar tashi, a kwana a otal, domin jirgin sama daga Kano ko Abuja ko Yamai mai tsayawa a Alƙahira ko Adis Ababa yana iya makara, na ruwa kuwa ba ya jira. Ranar hawa akwai atisayen ceto da doka ta wajabta wa kowane fasinja kafin a tashi ko da zarar an tashi, an tsaurara shi bayan kifewar jirgin Costa Concordia a gabar Italiya a 2012 inda mutum 32 suka rasu, a kai yara da kansu su ga wurin taruwarku, a kuma tabbatar akwai rigar ruwa daidai jikin kowane yaro a ɗakin ko a wurin taruwar.