Yadda Za Ka Tallafa wa Malami a Cikin Ajinsa

A ƙananan hukumomi da dama akwai jami'an tallafa wa makarantu, waɗanda aka fi sani da SSO, a ƙarƙashin sashen ilimi na ƙaramar hukuma. Shirin tallafa wa ilimi na ESSPIN, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2008 zuwa 2017, ya horar da irinsu a Kano da Kaduna da Jigawa. Shirin Mu Karanta na Bauchi da Sakkwato ma ya dogara da masu bin malamai har cikin aji. Idan an ɗora maka wannan aiki, ka sani kai ba sufeto ba ne. Da zarar malami ya ɗauke ka a matsayin mai neman laifinsa, darasin ganin ido kawai zai yi maka.

Da farko, kada ka faɗo wa makaranta bagatatan. Ka sanar da hedimasta, sannan ka sami malamin tun kafin ranar. Ku gaisa sosai, ka tambaye shi: "Malam, wane ɓangare ne ya fi ba ka wahala a ajin nan?" Amsarsa ita za ta nuna maka abin da za ka sa wa ido. Ka kuma faɗa masa a fili cewa rubutunka ba shi da alaƙa da albashinsa ko ƙarin girma, kuma ka cika wannan alƙawari.

Ranar darasi, ka zauna can baya daga farko har ƙarshe. Kada ka katse shi, ko da ya yi kuskure a allo. Gyaran malami a gaban ɗalibansa yana zubar masa da ƙima, kuma da wuya ya manta.

A nan ne yawancinmu ke kuskure: mu ƙura wa malami ido mu bar yara. Yaran za ka fi kallo. Minti nawa malam ya yi yana magana shi kaɗai? Su wa ya kira, 'yan layin gaba ne kullum? 'Yan mata sun samu bakin magana? Littafi yana hannun yara ko yana kulle a ofis? Idan aji ya ɗauka da murya ɗaya, "ba, bi, bu", daɗin ji gare shi, amma sau da yawa hadda ce. Bayan darasi, da izinin malam, ka kira yara uku daga baya ka rubuta musu kalmar da ba ta kan allo, kamar "tabarma". A nan za ka gane wanda ke karatu da wanda ke bin baki. Ka rubuta abin da ka gani, misali "yara huɗu aka kira, duk maza", maimakon "malam ba ya kula da ɗalibai".

Ku zauna ku biyu a keɓe, ko da a gindin bishiya ne, lokacin da yara suka fita tara. Bar shi ya fara faɗin yadda ya ga darasin. Sai ka yaba masa da abu takamaimai, kamar yadda ya yi amfani da murafan kwalba wajen ƙirga. Daga nan ku zaɓi abu ɗaya tak da zai gyara. Ni dai ina ganin wannan ne ginshiƙin aikin. Malamin da ke fama da yara ɗari, ga ƙarancin alli, ga albashi ya makara, idan ka jera masa gyara goma ba zai ɗauki ko ɗaya ba.

Kada ka tsaya a baki. Idan kun yarda yara za su riƙa karanta wa juna bibbiyu, ka karɓi alli ka gwada na minti biyar yana kallo, sannan shi ma ya gwada.

Kafin ka tafi, ku tsayar da ranar komawa, mako biyu ya isa. Ka koma a ranar, kuma abin da kuka yi yarjejeniya a kai shi za ka fara dubawa. Idan bai samu ba, ka tambayi abin da ya hana. Wani lokaci matsalar ta littattafai ce ko jadawali, wannan kuwa hedimasta za ka kai wa, ko kwamitin al'umma mai kula da makarantar, wato SBMC.