Kurakuran da muke yi daga tatata zuwa yaye

A wani gidan suna na ji wata goggo tana yi wa uwar yaro ɗan wata 13 faɗa: "Ke Maman Abba, har yanzu rarrafe yake? Jikan Hajiya yana wata goma ya miƙe." Uwar ta sunkuyar da kai. Washegari aka sayo keken koyon tafiya.

Kuskure biyu ke nan a kwana ɗaya. Binciken Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna lafiyayyun yara kan fara tafiya tsakanin wata 8 da 18, don haka mai wata 13 bai makara ba. Shi kuwa keken nan mai taya da ake zaunar da yaro a ciki ba ya sa saurin tafiya, sai dai ya kai shi bakin murhu kafin ki ajiye muciya. Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004. A shimfiɗa masa tabarma, ya dafa bango ya tashi da kansa. In ya cika wata 18 bai taka ba, sai asibiti.

Inda muka fi sakaci shi ne baki. Yaro ya shekara biyu ba ya haɗa kalma biyu kamar "Mama ruwa", sai a ce nauyin baki ne, haka babansa ya yi. Mai yiwuwa. Amma in ana kiran sunansa ba ya waiwaye, ba ya nuna abu da yatsa, ko ya daina faɗin kalmomin da ya iya a da, to a fara gwada jinsa, musamman in ya taɓa yin sanƙarau ko kunnensa na zubar da ruwa. Likita zai kuma duba ko galahanga ce, wato larurar da ke shafar magana da mu'amalar yaro da mutane. Ba aikin wanzami ba ne, kada a bari a sa masa aska a ƙasan harshe. Waya ma a karɓe ta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ban da kallon allo kafin shekara biyu. Hira da ke, ko kina wanke-wanke, ta fi masa amfani.

Sai birgima. Ɗan shekara biyu da ya zube ƙasa don an hana shi ashana ba fitsara yake yi ba, bakinsa ne bai kai zuciyarsa ba. Duka ƙara masa wuta yake, ba shi ashanar kuma ya koya masa cewa kuka na biya. Ki kawar da abin da zai ji masa ciwo, ki zauna kusa, in ya huce ki goya shi.