Murɗa zoben saiti da hannu: kurakuran da ke ɓata gilashin kyamara, da waɗanda tsoro ne kawai

Sabon mai kyamara yakan ji magana biyu masu karo da juna. Wani ya ce kada ka kuskura ka taɓa zoben saiti, wato zoben jikin gilashi da ake juyawa hoto ya fito tar, muddin gilashin yana kan AF, inda kyamara ke yin saitin da kanta, wani kuma ya ce murɗa abinka, babu abin da zai faru. Kowannensu ya faɗi gaskiya game da gilashin da ke hannunsa. Babban kuskuren shi ne yi wa gilasan kuɗin goro, alhali ba duka aka taru aka zama ɗaya ba.

Abin da ke raba su shi ne irin injin da ke tura gilashi gaba da baya har hoto ya fito tar. Tsofaffin gilasai, kamar AF da AF-D na Nikon da yawancin na Pentax da Minolta na da, ba su da inji a cikinsu. Injin yana jikin kyamara, wani ɗan ƙarfe mai kama da bakin sukudireba ne ke leƙowa ya shiga ramin da ke gindin gilashin ya riƙa juya shi. Akwai kuma masu ƙaramin inji a ciki wanda ke aiki da jerin ƙananan haƙora, galibi na roba, kamar EF 50mm f/1.8 II na Canon da ya fito a 1990, da yawancin tsofaffin 18-55mm da ake haɗowa da kyamara. A waɗannan biyun, idan makunni yana kan AF, zoben a ɗaure yake da haƙoran. Ka murɗa shi, kai ne ke jan inji ta baya, ta hanyar da ba a ƙera shi ya bi ba.

Yatsunka za su gaya maka. Zoben yana yin tauri, kana jin ɗan kuka "ziiii" kamar na motar wasan yara idan an tura ta da ƙarfi. Sau ɗaya bisa kuskure, a hankali, da wuya ya yi wata illa, don haka kada hankalinka ya tashi in ka taɓa yi. Maimaitawa kullum ko fizga da ƙarfi ne ke cinye haƙoran, har wata rana ka danna maɓalli ka ji inji yana gudu amma hoto yana nan dishi-dishi. Maganin ba ya cin daƙiƙa biyu: mayar da makunni kan MF ko M, wato saiti da hannu, kafin ka taɓa zoben. A gilasan da injinsu ke jikin kyamara, makunnin yana jikin kyamarar, kusa da inda gilashi ke shiga, kuma da ka juya shi ɗan ƙarfen nan yake komawa ciki ya saki gilashin.

Ga gwajin da nake yi wa duk gilashin da ban sani ba. Ka sa shi a AF, ka ɗauke hannu daga zoben, ka nufi wani abu na kusa sannan na nesa, kana danna maɓallin ɗauka rabi. In ka ga zoben yana juyawa da kansa, to a ɗaure yake da inji, kada ka murɗa shi sai a MF. In ya tsaya cak yayin da hoto ke gyaruwa, kusan ko da yaushe alama ce ba a ɗaure yake ba. Duk da haka a duba takardar da ta zo da shi, don akwai 'yan kaɗan da suka fita daban.

Wannan gwajin yana tona wani kuskure da aka fi yi ba a sani ba: riƙe gilashi ta kan zoben lokacin da yake saiti. Inji yana ja, tafin hannunka yana danne shi. Ni ma na daɗe ina haka, ina mamakin me ya sa gilashina ke gurnani yana kasa kama saiti, ashe babban yatsana ne a kwance kan zoben. Tallafi gilashin daga ƙasa, can baya kusa da jikin kyamara. Haka nan wajen ɗaura filta ko hular kare hasken rana a gilashin da gabansa ke juyawa: kana murɗa filta, kana murɗa inji. Koma MF tukuna, ka riƙe gaban da ɗayan hannun.

Sai kuskuren da ke ɗaya ɓangaren, na wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mutum ya mallaki gilashi mai inji mai siffar zobe a cikinsa, irin USM da Canon ta fara sawa a 1987 ko AF-S na Nikon mai makunnin M/A, amma yana tsoron taɓa shi. Waɗannan an ƙera su ne musamman don ka gyara saiti da hannu bayan kyamara ta gama nata, ba tare da ka sauya makunni ba. Mai ɗaukar tsuntsu a cikin rassa ya san amfaninsa: kyamara ta kama ganye, kai kuma ka ɗan juya zobe ka dawo da idon tsuntsun. Sai dai a lura, ba duk mai rubutun USM ko AF-S ne ke da wannan damar ba. Wasu masu araha na AF-S makunninsu A da M ne kawai, kuma dokarsu irin ta tsofaffi ce. Sannan in kyamara tana kan saitin da ke bin abu mai motsi, AF-C ko AI Servo, za ta riƙa warware abin da ka gyara muddin yatsanka yana kan maɓalli. Ba lalacewa ba ce, gardama ce kawai tsakaninku. Koma saitin da ke kama abu sau ɗaya ya tsaya.

Gilasan zamani, STM na Canon da suka fara fitowa a 2012, AF-P na Nikon, da mafi yawan na kyamarori marasa madubi, zobensu bai haɗu da komai ba sai na'urar da ke auna juyawarsa ta aika wa inji saƙo. Murɗa shi ba ya ɓata komai. Mutane kan kashe kyamara, su juya zobe, su ga babu abin da ya motsa, su ɗauka gilashin ya mutu. Wuta yake jira. Kunna kyamara, in ta yi barci ka taɓa maɓalli rabi. Abin da zai iya cutar da irin wannan shi ne tura hancinsa ciki da hannu bayan an kashe shi a miƙe. Ka saita shi kan abu mai nisa ya janye da kansa kafin ka kashe.

Ajiya ma tana da nata. Gilashin da hancinsa ke fitowa idan ya saita kan abu na kusa, in aka cusa shi a jaka haka, duk wani bugu a kan hanyar saitin yake sauka. EF 50mm f/1.4 na Canon ya yi suna da wannan rauni, shi ya sa masu shi ke mayar da shi kan alamar nesa ∞ kafin su rufe murfi. In kuma ka ga zobe ya ɗan wuce alamar, da gangan aka bar wannan sararin, saboda zafi da sanyi suna ɗan matsar da inda saitin nesa yake faɗawa.

Idan gilashi ya faɗi ko yashi ya shige shi, zoben ya cije ko yana ƙas-ƙas a MF, kada ka ce za ka murɗe shi da ƙarfi ya saki, kuma kada ka ɗiga masa mai, don zai malala ya hau gilasan ciki. Cire shi daga kyamara, ka rufe shi gaba da baya, ka kai wa mai gyara.