Yadda Ake Sauya KERNAL ROM na Commodore 64 da Sabon EPROM

Duk wanda ya kawo mini Commodore 64 yana cewa ROM, wato ƙwayar da ke riƙe da manhajar dindindin ta kwamfutar, ya mutu, abin da nake fara tambaya shi ne ko ya auna wutar da ke shiga. Yawanci bai auna ba. Kwamfutar nan ta fito a 1982, kuma akwatin wutarta na asali, wanda aka cika cikinsa da ƙaro mai tauri har ba ya buɗuwa, idan ya tsufa yakan tura fiye da bolt 5 ɗin da ya kamata. Wannan ƙarin wutar shi ke kashe ƙwayoyin RAM, ma'adanar wucin gadi ta kwamfutar, guda takwas masu lamba 4164. To ka ɗauki mita ka auna kafin komai. A wurina, da ya wuce 5.2 na ajiye shi gefe, ba na sake jona shi da kowace kwamfuta.

Bayan wuta, ka tabbatar ROM ɗin ne da laifi. A tsohon fanel, wato allon cikin kwamfutar, akwai ROM uku a jere: na yaren BASIC mai lamba 901226-01 a gurbin U3, KERNAL, wanda ke tayar da kwamfutar yana tafiyar da ita, mai lamba 901227 a U4, sai na haruffa 901225-01 a U5. Idan na haruffa ya lalace, za ka ga rubutu ya hargitse amma kwamfutar na aiki. Idan BASIC ne, sau da yawa launin fuska da gefenta suna fitowa ba tare da rubutu ba. KERNAL kuwa duhu yake bayarwa baƙi ƙirin, kuma a nan ake ruɗuwa, domin PLA, ƙwayar da ke zaɓar ma'adanar da za a karanta, da ke U17, da RAM da suka mutu su ma duhun suke bayarwa. Maganin wannan shi ne katirijin gwaji mai suna Dead Test, wanda ke tashi ba tare da ya nemi KERNAL ba. Idan ya tashi ya wuce gwajin RAM lafiya, amma da ka zare shi duhu ya dawo, to zargi ya koma kan U4. Wanda ya tsallake wannan mataki yakan cire IC, wato ƙwaya, mai lafiya a banza.

Wajen cirewa, idan ka yi sa'a ROM ɗin na kan soket, ka ɗaga shi kaɗan kaɗan daga ɓangarori biyu. Idan an liƙa shi da dalma kai tsaye, kada ka yi ƙoƙarin ceto shi tunda ka riga ka san matacce ne. Yanke ƙafafunsa 24 da ƙaramar filaya, ka zare su ɗai ɗai, ka zuƙe dalmar da ta rage a ramuka, ka dasa soket. Na ga fanel da yawa da aka ɓata wajen ɓamɓaro IC gaba ɗayansa, siraran hanyoyin tagulla suka biyo shi. IC ana samun madadinsa, hanyar da ta tsinke kuwa sai an bi ta da waya. In lokacin hunturu ne, iska ta bushe, ka taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa kafin ka taɓa komai, don kada cajin wutar da ke taruwa a jikinka ya lalata IC.

Sabon ROM irin na asali, wato 2364, ba a ƙera shi yanzu, shi ya sa ake amfani da EPROM, wato ROM da ake iya gogewa a sake rubutawa. Mutane da yawa suna sayen 27C64 saboda girmansu ɗaya, 8K. Ni W27C512 na kamfanin Winbond nake sa kowa ya saya. Yana da araha, kuma na'urar rubutu irin TL866II Plus tana goge shi da wuta cikin daƙiƙu, ba sai ka sayi fitilar gogewa ka zauna jiran minti ashirin ba kamar masu tagar gilashi a baya. Tsohon 2764 wanda babu C a lambarsa ka bar shi, wasunsu bolt 21 suke so wajen rubutu, na'urar kuma ba ta wuce 18.

EPROM ƙafa 28 gare shi, soket kuma 24, don haka sai da adafta. Ana sayar da ita a haɗe, kuma kuɗinta bai kai wahalar haɗawa ba. In ka nace sai ka yi da hannu, ka daidaita ƙasan EPROM da ƙasan soket, ƙafafu huɗu na sama su yi rara. Ƙafa ta 23 ta tafi rami na 18, ta 2 ta tafi rami na 21, ta 20 a ɗaga ta a haɗa da ta 22, sannan ta 1 da ta 27 da ta 28 su je rami na 24 inda bolt 5 yake, inda dama ta 26 take zama.

Yanzu ga inda na kwana uku ina fama, kuma ina so ka karanta shi a natse. W27C512 yana ɗaukar 64K, KERNAL kuwa 8K ne kawai. Karon farko na loda fayil ɗin KERNAL, manhajar na'urar rubutu ta ajiye shi a farkon EPROM, ta rubuta, ta tantance, ta nuna komai daidai. Na sa a kwamfuta, duhu. Na sake bin wayoyin adafta da mita, na canza soket, har na fara zargin PLA. Ashe ƙafa ta 1 da ta 26 da ta 27, waɗanda a 27C64 ba adireshi ba ne, a wannan EPROM su ne layukan adireshi uku na sama. Tunda adafta ta ɗaure su da bolt 5, kwamfutar 8K na ƙarshe take karantawa, inda babu komai sai FF, alamar gurbin da ba a rubuta ba, daga sama har ƙasa. Manhajar ba ta yi ƙarya ba, abin da na ba ta shi ta rubuta, a wurin da kwamfutar ba za ta taɓa leƙawa ba. Tun daga ranar, nakan jera KERNAL ɗin sau takwas a fayil ɗaya ya cika 65536 cif, ta yadda duk ɓangaren da adafta ta zaɓa za a same shi a can. Kai ma haka za ka yi, ko da mai adaftar ya ce ba dole ba ne.

Kafin ka jera, duba girman fayil ɗin na asali. Dole ya zama 8192. Idan ka ga 8194, an ajiye shi ne daga cikin kwamfutar, kuma biyun farko adireshin lodi ne. Ka goge su, in ba haka ba komai zai gusa da gurbi biyu, duhun dai za ka sake gani. Siga ta uku ta KERNAL, 901227-03, ita za ka nema.

Sauran ba wuya. Zaɓi ainihin lambar EPROM a manhaja, goge, tabbatar babu komai ciki, rubuta, tantance. Wajen sawa ka dubi ɗan yankan da ke kan IC ya fuskanci inda na maƙwabtansa ya fuskanta, domin juya shi yakan kashe shi nan take. Kunna. Idan shuɗiyar fuska ta fito da 38911 BASIC BYTES FREE, ka bar ta a kunne rabin awa, ka ɗora yatsa a kan EPROM ɗin ka ji bai ɗau zafi ba.

Mai C64C, samfurin Commodore 64 da ya zo daga baya, mai gajeren fanel, lamba 250469, ba ya buƙatar adafta. A can an haɗe BASIC da KERNAL cikin IC ɗaya mai ƙafa 28, lamba 251913-01, kuma 27C128 yana shiga gurbinsa kai tsaye, BASIC a farko, KERNAL a bayansa.