Yadda Ake Gano Matsalar Babur Mai Shaƙewa a Lokacin Ruwa da Sanyi

Idan damina ta kankama, musamman a watan Agusta da rana kan yi kwanaki ba ta leƙo ba, sababbin masu babur kan cika wurin bakanike da ƙorafi iri ɗaya. Da safe mashin ba ya tashi sai an yi ta buga kik, in ya tashi ba ya riƙe silo, ana murɗa totur sai ya shaƙe. Kafin su iso kuwa, yawancinsu sun riga sun sa sukuddireba sun jujjuya sukurorin kafireto, wato wurin da mai ke haɗuwa da iska kafin ya shiga inji, matsala ɗaya ta zama biyu. Don haka dokar farko ita ce kada ka taɓa saitin kafireto. Babur ɗin da ya yi aiki lafiya jiya da rana, saitinsa bai canza da kansa cikin dare ba. In ba sanyi ba ne, to ruwa ne ya shiga wani wuri, wurin za ka nema. Bayanin ya shafi ƙananan babura masu kafireto, irin su Boxer da Jincheng da Haojue.

Fara da raba sanyi da ruwa, domin ba ciwo ɗaya ba ne. Fetur ba ya saurin zama tururi a cikin inji mai sanyi, shi ya sa aka yi cok, abin da ake ja don ƙara wa inji mai lokacin tayarwa. Ja cok, cire hannunka daga totur, ka buga kik. Bar shi ya yi minti 2 ko 3, sannan ka mayar da cok. Idan yana ɗumama ya daidaita, lafiyarsa ƙalau, hau ka tafi. Mutanen Jos da Mambila sun saba da wannan. Amma kada ka manta cok a jaye, zai zuƙe maka mai ya baƙanta filogi.

Idan ya ɗumama yana ci gaba da katsewa, ko kuma sai ka shiga ruwa yake fara tari, in ya bushe ya dawo daidai, to je ka wajen wuta. Nan ne mutane suka fi ɓata kuɗi. Wutar da ke fitowa daga koyil, wato abin da ke tura wa filogi wuta, ta haura bolt 10,000, kuma irin wannan wuta hanya mafi sauƙi take bi. Ƙura ta taru a kan hular filogi, ruwa ya jiƙa ta, sai wutar ta bi ta waje ta sauka a jikin inji maimakon ta kai bakin filogi. Zare hular ka goge ciki da waje da busasshen tsumma. Duba robar bakinta da ta wajen waya, in ta taurare ko ta tsage ta gama aiki. Duba jikin hular da kyau a cikin haske, ko za ka ga wani siririn layi fari ko baƙi, sawun wutar da ke tserewa ke nan. A yawancin waɗannan babura hular murɗa ta ake yi a cikin waya, don haka warware ta ka leƙa bakin wayar. In tagullar ta yi kore, yanke kamar santimita 1 ka sake murɗawa.

Ga inda ake ruɗuwa. Mutum ya kwance filogi, ya jingina shi da jikin inji, ya buga kik, ya ga wuta, sai ya ce wuta lafiya lau. Ba haka ba ne. A sararin iska wuta na tsallake bakin filogi cikin sauƙi, amma a cikin inji, inda fistin ya matse iska, tana buƙatar ƙarfi fiye da haka, kuma a lokacin ne take gudu ta wurin tsagar. Gwajin da na fi yarda da shi na dare ne. Tayar da babur a wuri mai duhu, ka ɗan fesa ruwa a kan wayar da hular, irin feshin masu guga. In ka ga tartsatsi shuɗi yana tsalle, ko ka ji ƙas-ƙas, ko inji ya canza murya, ka kama ɓarawon. Kada ka kai hannu yayin da inji ke aiki, fizgar ba ta wasa ba ce.

Canza hula da filogi kafin ka yarda wani ya sayar maka da koyil ko CDI, wato ɗan akwatin da ke sarrafa lokacin da wuta za ta tashi a filogi. Su biyun a haɗe ba su kai kuɗin waɗancan ba, kuma su ne suka fi lalacewa. Tazarar bakin filogi a irin waɗannan babura ba ta wuce milimita 0.6 zuwa 0.8. Ɗaure hular da leda da wasu 'yan acaɓa ke yi kuwa ban yarda da shi ba. Ledar tana riƙe danshi a ciki, zafin inji kuma ya narkar da ita.

Wuta ta yi kyau amma har yanzu yana shaƙewa in ka ba shi totur? Sai ka zargi ruwa a cikin mai. Ruwa ya fi fetur nauyi, ƙasa yake kwanciya, a gindin tanki da cikin kofin kafireto, daidai inda jet, wato 'yar ƙofar da mai ke bi a cikin kafireto, ke zuƙa. Rufe famfon mai, tara farar kwalba a ƙarƙashi, ka sassauta sukurun da ke gindin kofin. Wannan na tsiyayarwa ne, ba na saiti ba, shi kaɗai na yarda ka taɓa. In da ruwa za ka gan shi a dunƙule a ƙasan kwalbar. Mayar da famfon kan rizab ka bar mai ya zuba har ya fito garau, domin rizab daga can ƙasan tanki yake ja. Shi ya sa ma wasu babura ke mutuwa da zarar an juya zuwa rizab da damina. A yi wannan nesa da murhu da mai shan taba. Ruwan kan shiga ta robar murfin tanki da ta mutu, ko gumin da tanki ke yi in ya kwana kusan babu mai, ko jarkar 'yan bumburutu da ruwa ya daka. Ni da damina gidan mai kawai nake zuwa, kuma ba na barin tanki ya kwana da ƙishirwa. Tun da kana wurin, busa siraran tiyo da ke ratayo daga kafireto, taɓo na toshe su mai ya daina sauka daidai.

Sauran ba su da wuya. Buɗe akwatin iyakilina, wato matatar iska, in soson ya jiƙe matse shi ka shanya, alamarsa baƙin hayaƙi a salansa. Busa makulli da maɓallin kashe inji, ruwa a cikinsu na ɗauke wuta gaba ɗaya. Soket ɗin CDI a zare a busar. In ka ratsa ruwa mai zurfi, zaro sandar baƙin mai, wato man inji, ka duba. Idan man ya koma kalar shayi da madara, kada ka sake tayar da injin, a juye shi a zuba sabo tukuna.