Kurakuran da mata suka fi yi wajen zaɓen takalmi filat

Mata da yawa idan takalmi mai tsini ya gajiyar da su sai su koma filat, a zatonsu ƙafa ta samu hutu ke nan. Ba a jima ba sai dunduniya ta fara ciwo, musamman a takun farko da safe. Filat iri-iri ne, kuma ba kowanne aka yi don doguwar tafiya ba.

Wanda ya fi yaudarar mutane shi ne balarina, mai buɗaɗɗen sama da siririn ƙasa. Daga takalmin 'yan rawar bale ya samo siffarsa, kuma ya yi suna bayan kamfanin Repetto na Faransa ya ɗinka wa jaruma Brigitte Bardot irinsa a 1956. Kyau kam yana da shi, amma yawancinsa ba abin da ke tallafe tsakiyar tafin ƙafa. Jijiyar da ta taso daga dunduniya zuwa gindin yatsu ita ke ɗaukar nauyin, ta yi ta miƙewa har ta fara ciwo. Kafin ki biya kuɗi, riƙe takalmin da hannu biyu ki lanƙwasa shi. A daidai gindin yatsu ya kamata ya lanƙwasu. Idan ya ninke a tsakiya, ko ya murɗu kamar tsumma, na zuwa wurin zama ne, ba na yini a tsaye ba. Nemi mai ɗan tudu a baya, santimita 1 zuwa 2, da shimfiɗa mai taushi a ciki. Wadda ta shekara da shekaru a kan tsini kuwa, agararta kan ɗaure, don haka ta riƙa sauka a hankali, kada ta koma filat a rana ɗaya.

Sai matsalar fitar takalmi daga ƙafa. Balarina na sulɓewa ta baya, mace ta ce ya yi mata yawa, ta koma ta karɓi ƙaramar lamba. Yanzu ga matsi a gaba, ga bororo a baya. Sau da yawa dunduniyar ce siririya, kuma maganinta maɗauri ne. Meri Jen, mai igiya a kan ƙafa, yana riƙe takalmin ba sai yatsu sun dunƙule suna kama shi ba.

A ganina lofa, rufaffen takalmin da ake zurawa ba igiya, ya fi sauran dacewa da mai aikin zirga-zirga, domin ya rufe saman ƙafa kuma ƙasansa na da kauri. Asali ma na maza ne, kamfanin G.H. Bass na Amurka ya fito da nasa a 1936, kamfanin Gucci na Italiya kuma ya ƙara wa lofa ƙarfen ado a 1953. Kuskuren da ake yi da shi shi ne yarda da maganar mai sayarwa: "Ai zai buɗe." Fata ta gaske takan ɗan buɗe a faɗi, amma tsayi ba ya ƙaruwa. Ta roba kuwa yadda kika saye ta haka za ta zauna. In saman ƙafarki na da tudu, lofa zai danne ki tun a gwaji, gara ki ɗauki mai igiyar ɗauri da za ki sassauta yadda kike so.

Mai tsinin baki yana sa ƙafa ta fito siririya, sai dai yana tura babban yatsa kan 'yan uwansa. Mai faffaɗar ƙafa, ko wadda gindin babban yatsanta ya fara tasowa, ta nemi mai zagayayyen baki ko mai kusurwa huɗu.

Wanda ba shi da baya, a zura kawai a wuce, na gajeriyar fita ne, kuma kada a yi tuƙi da shi, yana iya zamewa a kan birki. Esfadiril na Sifaniya, mai ƙasan saƙaƙƙiyar igiya, ba ya shiri da ruwa.

Lokacin gwaji ma ana kuskurensa. Ƙafa na ɗan kumbura zuwa yamma, to a lokacin ake gwadawa, a tsaye, ƙafafu biyun, tunda ɗaya kan fi ɗaya girma. Babbar ake bi. Ki bar sarari kusan faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsan da ya fi tsayi da bakin takalmin, sannan ki ɗan taka a ƙasa mai tauri. Kada ki rantse da lambarki: 38 ta Turai kusan 5 ce ta Ingila, kamfanoni sun bambanta, kuma ƙafa kan ƙara girma bayan haihuwa. Mai ciwon sukari ta zura hannu cikin takalmin ta shafa, domin ɗinkin da ya taso na iya yi mata rauni ba ta ji ba.